Bugun da Ya Girgiza Bango

"Saurara, Yaya! Ka ji kaurin sautin?" in ji maigidana, yana share gumi a bayan tsohuwar rediyon marigayi mahaifinsu.

Tun hantsi yake fama da wayoyi, yana son haɗa ta da sabuwar sifika mai bugu, irin wadda ake sa wa wutarta daban. Yayansa ya riga ya yanke hukunci: idan ba su haɗu ba, da rediyon zai tafi, domin gadon uba ba abin wasa ba ne.

Aka ƙure murya. Can sai ga bugu, dum, dum, har hoton bango yana rawa.

Yaya ya lumshe ido kamar masani. "Wallahi ya yi, ƙane. Wannan bugu sai mai kunne."

"Mata ai ba sa jin irinsa," in ji maigidana, yana hararata.

Da lokacin la'asar ya yi, na miƙa hannu na kashe rediyon. Kiɗa ya tsaya, bugu bai tsaya ba. Filogin sifikar kuwa yana yashe a ƙasa, ko ledarsa ba a cire ba.

"Ku ji tsoron Allah!" in ji maƙwabciyarmu ta bayan bango, tana ci gaba da dukansa. "Jaririna yana barci!"

Yaya ya fita bai ɗauki rediyon ba. Wanda ya rantse ya ji bugu, da wane baki zai musa?