Rubutun Gefen Shafi

Ranar da sakamakon sakandare ya fito, Shaima ta mayar wa Munzali, ɗan maƙwabtansu a unguwar Rusaifa ta ƙasa mai tsarki, littafin kimiyyar da ya ara mata. Shekara guda tana ganin wasu haruffan Larabci a gefen shafin farko, ta ɗauka shirme ne.

"Jiya kakata ta karanta min," ta ce, idonta a ƙasa. "Ashe Hausa ce da ajami."

Munzali ya karɓi littafin. "Na ɗauka kin ƙi ne."

"Ban ƙi ba, ban iya karantawa ba ne."

Ya buɗe littafin. Ƙarƙashin tambayarsa, "In zo wajen Baba?", ga rubutunta a karkace, irin na 'yar koyo: "Zo. Amma Kaka ta riga ka faɗa masa."