Taɓaryar Gwaggo Dije

Tun da aka ƙara ƙarfin maduban hangen nesa shida na kan dutse, masu auna zafin taurari, aka hana daka a garinmu. Wai bugun turmi yana girgiza ƙasa, hoton tauraro ya ɓaci.

Gobe sunan jikar Gwaggo Dije, ita kuwa ba ta shan furar inji. Ta ɗora turmi a kan katifa, ta kulle ƙofa. Ba ta yi bugu goma ba, sai ga Sallau, ɗan ƙaninta, ma'aikacin wurin maduban.

"Gwaggo, kawo taɓaryar."

"Ni kaɗai ke da turmi a garin nan?"

"Duk bugu uku kina tsayawa ki tafa. Na'urarmu ta san hannunki."

Ta miƙa masa.

"To, gobe tauraron ya shayar da baƙina."