Darasin da Malamin Sifaniyanci Bai Koyar Ba

Tunda an ce gobe za ka fara shiga aji, zauna ka ji wannan kafin ka ɗauki alli.

An yi wani mutum a wani gari na bakin iyaka. Ya yi shekaru a ƙasar Sifaniya yana tsinkar tumatir a cikin rumfunan leda, ya dawo gida da akwati ɗaya, da tarin da ba ya jin magani, da harshen mutanen can a bakinsa. Mai wata makarantar firamare ya ɗauke shi ya koya wa 'yan aji biyar da aji shida Sifaniyanci, don a ce makarantarsa tana da abin da ta maƙwabta ba ta da shi. Ashe mutumin malami ne tun a jini. Ba ya bulala, ba ya cika allo da rubutu. Lemo yake shigowa da shi a aljihu, ya ɓare a gabansu, duk wanda ya haɗa magana daidai ya samu ɓari guda. Wata rana ya mai da ajin kasuwa, wannan mai kifi, waccan mai burodi, a yi ta ciniki da baƙon harshe har da taya da albarka. In sun gaji sai su ce, "Malam, a ba mu labarin can." Shi kuma ya ba su: tituna da itatuwan lemo a jere, 'ya'yan suna zuba ƙasa ba mai waiwaya; ruwa a famfo ba ya yankewa; filin ƙwallo kore shar kamar gonar shinkafa. Bai taɓa yi musu ƙarya ba. Sai dai bai ce musu lemon bakin titin nan ɗaci gare shi ba, ya kuwa sani, don yunwa ta sa ya ci. Bai faɗi jirgin roba da ya tsallaka teku a cikinsa ba, ko yadda fetur ya gauraya da ruwan gishiri ya saɓule masa fatar cinya, ko mutumin da ya jingina da kafaɗarsa tun daga gaɓa, sai da aka zo sauka aka gane ya daɗe da cikawa. A garinsu wanda ya je nema ya dawo ba ya shanya wahalarsa a gaban yara. Ga kuma mahaifiyarsa da ranta, har lokacin tana gaya wa mata ɗanta a jirgin sama ya tafi.

A cikin yaran akwai ɗan wani mai gyaran keke, mai saurin harshe, wanda ɓarin lemo ya fi zuwa hannunsa. Ya gama makaranta, ya girma, babura suka cika gari, sana'ar ubansa ta kwanta. Wata la'asar ya zo ya durƙusa a ƙofar gidan malamin, ya yi gaisuwa da Sifaniyanci tiryan-tiryan, sannan ya koma Hausa ya ce, "Malam, sallama na zo yi. Yaya hanyar Sifaniya take?" Malamin ya ji tabon cinyarsa yana ƙuna a ƙarƙashin wando. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Ya dubi yaron, ya ji tsohuwarsa tana gyaran murya a bayan zana, sai ya ce, "Hanya sai haƙuri da addu'a." Ya gyara masa lafazin wata kalma, ya sa masa albarka, ya raka shi har bakin lungu.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, sannan wani daga cikin abokan tafiyar yaron ya dawo a rame da labari. Ya ce sun tsallake hamada, sun shiga ruwa, har gari ya fara wayewa suka hango duwatsun Sifaniya da fararen gidaje a gindinsu. Ga wani jirgin masunta can nesa. A duk cikinsu yaron nan kaɗai ke jin harshen, sai aka ce ya tashi ya kira su. Ya miƙe ya kira, masuntan suka amsa. Da jin an amsa sai kowa ya zabura ya yi ɓangare guda, don ba wanda ya taɓa gaya musu a jirgin roba ba a miƙewa, ko da ceto ne ya zo. Jirgin ya kife, yaron bai fito ba. Wannan ƙa'ida ta rashin miƙewa malamin ya san ta kamar sunansa, ita ta cece shi da abokan tafiyarsa ranar da suka tsallaka.

Ya je gaisuwa ya samu gefen tabarma ya zauna. Babu gawa, babu kabari, sai buta da mutane. Mai gyaran keken ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Malam, Allah ya saka maka da alheri. An ce har Turawan sun gane maganarsa sun amsa. Karatunka bai faɗi ƙasa ba." Malamin ya so a ce zaginsa aka yi. Ya ce amin, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon saƙar tabarma.

To kai ma harshen wata ƙasa za ka sa wa yara a baki, kuma duk wanda ya iya gaisuwar wani gari, ransa zai so ya je ya gaisa. In ka nuna musu gaɓar can, ka nuna musu ruwan da ke tsakani, ko da faɗar za ta ci maka mutunci. Yaron nan ya ga ƙasar da idonsa, ya yi magana an amsa masa, bai taka ta ba. Shi ya sa Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.