Hoton da Malam Uba Ya Zaɓa

"Ɗaga haɓa kaɗan," in ji Mudi, kansa cikin baƙin ƙyalle. "Kada ka motsa sai na ce."

Mudi mai hoto ne. Duk ranar kasuwar Tudun Wada yakan kafa akwatinsa mai ƙafa uku a gindin wata ɗorawa. Mutum ne mai ji da sana'arsa, har abin ya so ya yi yawa. Ko hakimi ne ba ya ɗaukarsa da tsakar rana, wai idanu kan faɗa rami. Sai da hantsi ko la'asar, lokacin da haske ke sauka a fuska a hankali.

Ran nan wani dattijo, Malam Uba, ya zo daga wani ƙauye can bayan Doguwa, tare da wani saurayi ɗan aikin haƙar kuza. Matar dattijon, Delu, tana kwance tun damina, jiki ya ƙi, idanu sun soma hazo. Ba abin da take roƙo sai ta ga fuskar ɗanta kafin ta cika.

"Shi kuwa ba halin zuwa," in ji dattijon. "Hoton zan kai mata."

Mudi ya san yadda aikin kuza ke riƙe mutum, bai ja maganar ba. Ya zaunar da saurayin a bakin inuwa, ya juya shi yadda haske zai zo ta gefe, ya rataya farin zane ta ɗaya gefen don ya maido hasken kan kumatu. Ya cire murfin idon akwatin, ya mayar. Da hoton ya fito daga ruwan magani, shi kansa sai da ya yi murmushi. Har tsagen fuskar ya fito ɗaya bayan ɗaya.

Malam Uba ya duba, ya girgiza kai. "Ya yi haske da yawa."

Tun da Mudi yake, ba wanda ya taɓa kushe masa haske. Ya haɗiye, don furfura.

Dattijon ya shiga gyara da kansa. Ya karkata hular saurayin, ya sa ya sauke kafaɗar hagu, ya ɗora masa hannu ɗaya a gwiwa, ya ce haka uwar ta saba ganin zaman. Duk abin nan bai kira sunansa ba, bai yarda sun haɗa ido ba. Mudi ya ce a ransa, ɗan fari ke nan, mutanen ƙauye da kunya.

Sannan ya ce a juya kujerar, rana ta koma bayan saurayin.

"Haba Baba! Rana a baya? Ai fuskar za ta fito kamar gindin tukunya."

"Ɗauki haka, ɗan nan."

Mudi ya ɗauka, ransa a ɓace. Yana cire murfin kuwa, sai kafaɗun saurayin suka soma rawa, kuka ya ci ƙarfinsa. Hoton ya fito abin tausayi: ga hula, ga kafaɗa, ga hannu a gwiwa, fuskar kuwa ta dushe, ba ido ba hanci.

Malam Uba ya daɗe yana kallonsa. Ya shafa shi da yatsa, ya naɗe cikin rawaninsa.

"Wannan ya yi. Allah ya yi maka albarka."

"Don Allah kada a ce ni na ɗauka," in ji Mudi. Dattijon bai ko waiwayo ba, ya kama hanyar Doguwa yana sauri.

Saurayin na nan zaune yana share ido. Mudi ya miƙa masa hoton farko, mai kyan.

"Riƙe wannan. Amma kai ma, ɗan fari guda, ka daure ka je ka ga uwarka. Hoto ba ya gaisuwa."

Saurayin bai karɓa ba.

"Sunana Buba," in ji shi. "Ɗansu Sale ramin kuza ya rufta da shi tun bazara, ni na fito da gawarsa. Baba ya ce tsayinmu ɗaya."