Ɗinkin Tankin Tsohon Babur

Sallau, ajiye abin nan da ke hannunka ka saurare ni, don na lura da halinka, aiki ya ƙare amma kai hannunka ba ya ƙarewa. An yi wani mai walda, gwani na gaske, irin wanda in ya haɗa ƙarfe biyu sai ka rantse tare aka haife su. Wata rana wani dattijo ya turo masa babur da ƙafa har bakin rumfa, yana haki. Babur ne irin na da can, ko sunan kamfanin da ke jikinsa ya goge. Shi dattijon ya hau ya je neman auren uwar 'ya'yansa, da shi ya kai ta asibiti a haihuwar fari, ga shi ta rasu ta bar shi da babur. Inji lafiya lau, sai dai tsatsa ta cinye tankin mai, ya zama rariya. An karaɗe kasuwar kayan gyara kaf babu irinsa, har dariya ake yi wa mai tambaya. Dattijo ya ce, "Ɗana, ka ƙera mini wani. Amana na ba ka, don duk abin da na mallaka babu kamar wannan."

Mai walda ya sassaƙa kututture daidai surar tsohon tankin, ya ɗora fallen ƙarfe a kai, ya yi ta bugu da gudumar katako har ya fitar da ɓari biyu kamar an fafe ƙwarya. Ya kifa ɗaya kan ɗaya ya bi su da wuta, ɗinki ya tashi ya yi tudu kamar kunyar gona. Ya cika tankin da ruwa ya ajiye, ko ɗigo babu. To ai nan ya kamata mutum ya ce alhamdu lillahi ya wanke hannu. Ina! Sai ga maƙwabcinsa mai gyaran jikin mota ya leƙo, ya kalli ɗinkin ya ce, "Kai, tiyata aka yi masa ne?" Maganar nan ta tsaya wa mai walda a wuya. Ya jawo injin gurza ƙarfe ya hau kan ɗinkin, tartsatsi na tashi. Ya shafa, ya ji da saura, ya ƙara. Ya karkata shi a rana, ya hango wani ɗan layi da ko ƙuda ba zai yi tuntuɓe da shi ba, ya sake ƙarawa. Wallahi haushi nake ji in na zo nan, domin ya fi kowa sanin cewa ƙarfin ɗinki a tudun nan yake. Bai koma gwajin ruwa ba, ya fesa fenti baƙi wuluk, tanki ya fito sumul yana ɗaukar ido.

Yana cikin ɗaura shi a jikin babur, babban yatsansa ya danna kan ɗinkin, sai ya ji ƙarfen ya lotsa kamar gwangwanin madara. Kafin ya gama shawara da zuciyarsa sai ga dattijo ya iso da sabuwar hula, yana zagaya babur yana sa wa mai walda albarka, idonsa har ya kawo ruwa. Mai walda ya ɓoye abin da ya gano. Ya tsaya yana kallo aka zuba fetur, dattijo ya buga, inji ya tashi, ya tafi. Daga ranar nan hankalin mutumin nan bai sake kwanciya ba. Tuwo ya zama ƙasa a bakinsa. Duk ƙarar babur da ta gifta sai ya ɗaga kai a firgice, har ya ɓata ƙofar wani da aka kawo masa. Ya san fetur na zaune a kan inji mai zafi, ya san hanyar unguwarsu dattijo duk gargada ce, ya kuma san tsakanin ƙafafun wa tankin yake. Kullum sai ya ce gobe zan je in karɓo shi, gobe ta yi kunya ta riƙe masa ƙafa, wai da wane baki gwani zai ce ya yi kuskure.

Ranar da tsoro ya rinjayi kunya, ya rufe rumfa da rana tsaka ya nufi gidan, yana tafe yana "Allah ya sa ban makara ba." Tun kafin ya sha kwana ya jiyo warin ƙonanniyar roba. A ƙofar gida ya tarar da mutane cirko-cirko, ga babur kwance, ƙashin ƙarfe kawai ya rage, baƙi ƙirin, an watsa masa ƙasa. Ɗinkin ne ya buɗe dattijo na dawowa daga ziyarar maƙabarta, fetur ya tsiyaya kan inji, da ƙyar aka finciko shi. Ga dattijon zaune a dakali, bakin rigarsa a babbake, ƙaurinsa ya sha magani. Mai walda ya durƙusa a gabansa. Dattijo ya daɗe yana kallon abin da ya saura na baburinsa, sannan ya ce, "Ai ya yi kyau, ɗana. Duk wanda ya gan shi sai da ya yaba."

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.