Abin da Aka Ciro a Wuyan Sama'ilu

Sama'ilu ya farfaɗo daga tiyata a Kazaure, matarsa Hafsatu na gefensa. Tun daga garinsu Gwiwa yake rantse mata jifa aka yi masa.

Likita ya shigo da 'yar kwalba. "Ƙayar kifi ce ta huda maƙogwaro ta maƙale."

"Likita, sake dubawa," in ji Hafsatu. "Rabon gidanmu da kifi tun Babbar Sallah."

Kunya ta rufe Sama'ilu. Duk ranar kasuwa sai ya ci soyayyen kifi a bayan rumfa, ya goge baki, ya dawo gida ya ce babu.

Hafsatu ta miƙa wa likita hannu.

"Ba ni, in kai wa yara rabonsu."