Roba-robar Mai Kunun Aya

Bari in ba ka misalin wata mata mai sana'ar kunun aya, abin zai ba ka mamaki. Tana da ɗan mashin ɗinta roba-roba, irin ƙaramin nan da tankinsa ke ƙarƙashin sit. Kullum da hantsi sai ta cika kula biyu da robobin kunu da ƙanƙara, ɗaya a gaba tsakanin ƙafafunta, ɗaya ɗaure a baya, ta kai wa wani mai kanti can saman tudu kusa da tasha. To ka san halin kunun aya, ba shi da haƙuri ko kaɗan, rana ta ɗan taɓa shi sai tsami. Rannan kawai mashin ya tsiro da wani sabon hali. A gida bugu ɗaya ya tashi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, amma da ta kama hawan nan da kaya sai ya fara shessheƙa kamar mai asma. Ta murɗa totur har ƙarshe, shi kuwa sai ƙara lafewa yake, bub, bub, ɗif. Sai ta sauka ta ɗaga sit, ta buɗe tanki ta leƙa ko mai ne ya ƙare, ta ga mai fal. Ta rufe, ta koma gefe ta tsaya wajen rabin awa wai tana jiran inji ya huce, don an ce mata zafi ne. Kafin ta isa ƙanƙara ta narke, kunu ya fara juyawa. Ta kai wa bakanike na farko, ya canza fulogi. Na biyu ya wanke kafireta. Na uku ma cewa ya yi sai an sauke inji gaba ɗaya. Kuma duk cikinsu abu ɗaya suke yi, su buɗe tanki su shinshina ko gurɓataccen mai ta sha, su kafe mashin tayar baya na lilo a sama, su ba shi wuta yana kuwwa kamar zai tashi sama, su ce Hajiya ai ya gyaru. Wallahi ba wanda ya taɓa cewa ɗora kulolinki mu hau tudun tare. Har dai mai kanti ya gaji ya ce mata, in ta sake kawo masa mai tsami sau ɗaya, zai ba wata gurbinta a firij.

To akwai wani dattijo mai shayi a daidai tsakiyar hawan, kusan kullum gaban teburinsa mashin ɗin ke macewa. Shi bai san komai a kan inji ba, ko keke ba ya da shi, amma mutum ne mai son sanin dalilin abu. Ya yi kwanaki yana kallo yana tambayar kansa, me ya sa sai a nan, me ya sa sai da kaya, kuma me ya sa duk sanda ta murɗe murfin tanki sai ya ji wani ɗan sauti fiiit, kamar an buɗe kwalbar lemo? Washegarin gargaɗin mai kanti, mashin ya sake mutuwa a wurin. Ta buɗe, ta leƙa, ta rufe, ta koma gefe idonta ya cika da ƙwalla. Sai dattijon ya ajiye butarsa ya matso.

“'Yar nan, tayar da shi yanzu mu gani.”

“Baba ai sai ya huce.”

“In ji wa? Shayi ne shi? Ke dai buga.”

Ta buga sau ɗaya, mashin ya kama ras. Ta tsaya baki buɗe. Ya ce ta kashe ta miƙo masa murfin. Da ta buɗe sai ga leda ninki huɗu shimfiɗe a bakin tanki, murfi ya matse ta gam. Ashe akwai ranar da wani ya ce kununta na warin fetur, saboda takan cusa rarar robobi a ƙarƙashin sit, shi ne ta toshe bakin tankin da leda don kar wari ya fito. Masu mashin da yawa na yin haka, shi ya sa ko bakaniken nan ba wanda ya kalle ta sau biyu. Dattijo ya juya murfin, ya ga wata 'yar huda kamar ta allura wadda ledar ke toshewa, ya yi dariya. Ya ɗauko gwangwanin madara mai huda biyu, ya toshe huda ɗaya da yatsa ya karkata, madara ta ɗiga sau biyu ta tsaya. Ya ɗaga yatsa, ta zubo shar. Ya ce, “Kin gani? In iska ba ta shiga ba, madara ba ta fita. Ke kika shaƙe masa wuya.” Ka gane, a shimfiɗaɗɗiyar hanya mai kaɗan inji yake sha, ba a ganewa, amma a hawa da kaya zuƙa yake da ƙarfi, tanki ya ƙi saki. Da an buɗe murfi iska ta shiga shi ke nan ya warke, kafin ma bakanike ya taɓa sufana. Ta yar da ledar, ta kwashe robobin ƙarƙashin sit ta cusa a kula, ta hau. Mashin ya cinye tudun nan bai ko yi tari ba, ta isa kanti robobinta na raɓa don sanyi.

Makonni tana tsayuwa a rana kununta na lalacewa, ga mai cike da tanki, ga mashin a shirye, maganin kuma tana zaune a kansa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.